Tsohuwar Ɗakin Tasoshi

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so, da ranar da na kai Rifkatu gidan kayan tarihin nan na Ƙofar Wambai. Abokiyar aikina ce, 'yar Bogoro, ni kuwa 'yar cikin gari, sai na naɗa kaina jagora (alhali ban taɓa leƙa gidan ba).

Gidan wani Alhaji ne da ya ƙare rayuwarsa yana tara kayan ado na da: tasoshin tagulla, ƙorai masu zane, akusa, gado mai rumfa. Da ya rasu, 'ya'yansa suka buɗe wa masu kallo, suka koma Abuja abinsu.

Ranar babu wuta, ɗakin ƙarshe duhu-duhu. A lungu, gefen jeren tasoshi, ga siffar tsohuwa zaune a tabarma, lulluɓe da saƙi, ko motsi babu. Na taɓa ganin irinsu a wani gidan tarihi, don haka na gyara murya.

"Wannan mutum-mutumi ne, don a nuna shigar matan da. Sai dai mai sassaƙar bai iya ba. Dubi kumatu duk sun lotsa, kamar gawa."

Rifkatu ta ja mayafina. "Anti, kamar fa tana numfashi."

Ban kula ta ba. Na miƙa yatsa (Allah ya yafe mini) na dangwali goshin. Ɗumi na ji.

"Sannunku da zuwa," in ji tsohuwar.

Ban san lokacin da na zube ƙasa ba. "Hajiya, don Allah... wallahi ban..."

Ta juyo da fuska wajen muryata, sai na lura ba ta gani sosai.

"Tashi, 'yata, ba ki yi ƙarya ba. Ni ce matar mai gidan. Tun ina amarya nake goge tasoshin nan. Yanzu mutane su shigo, su kalle su, su kalle ni, su fita. Ke kaɗai ce ma kika taɓa ni."

Da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi. Har muka hau Keke Rifkatu na ta share hawaye.

Tun daga ranar, ko ɗakin tukwane zan shiga sai na yi sallama, na kuma tsaya na jira amsa.