Ƙosan Iya Lantana a Gidan Kyandir

A gidan kyandir na unguwar Água de Meninos, Zubairu ne mai kula da babbar tukunya. Mai gidan Bature ne mai hancin tsiya, ya riga ya rantse duk wanda ya sake ɓata masa mai ya bar aiki. Wata rana da hantsi sai ga kakar Zubairu, Iya Lantana mai ƙosai, da ƙwaryar ƙullu a ka.

"Sannu da ƙona kai, mijin banza!"

"Yauwa, amarya mai haƙori biyu. Wa ya sake ki?"

"Manjana ya zube a gangare. Na ce bari in zo wurin ragon nan mai gadin mai."

"Kallon kitse kike wa rogo. Wannan tukunya biyu ce, ɗaya cikin ɗaya, mai a tsakani. Wuta ta gasa mai, mai ya narkar da kaki a hankali, kada ya ƙone."

"Ashe man ɗan aike ne? Wuta ba ta da baki?"

"Tana da shi, irin naki. Duk abin da ta taɓa sai ya babbake."

"To ku sa ruwa mana, 'yan almubazzaranci."

"Ruwa da ya ji zafi sai ya tashi ya gudu, kamar mijinki na fari."

"Kakanka ke nan, mara kunya!"

Zubairu ya sunkuya ƙara itace, yana dariya. Sai ya ji cuuu! Ya ɗago. Tsohuwa ta buɗe bakin zuba mai, ƙosai bakwai suna iyo.

"Iya, kin kashe ni! Man kifin teku ne!"

"Ƙosai da kifi, har ka samu gata."

Takun Bature ya fara saukowa daga bene. Zubairu ya tsame su da ludayi, ya rasa inda zai jefa.

"Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa!" in ji shi, yana miƙa mata ludayin.

"Ta ɗebo, bakin mijinta. Haɗiye!"

Haka ya cusa su, ƙarni har ƙwaƙwalwa, hawaye shar. Bature ya leƙo, ya ga ma'aikaci na kuka gaban tsohuwa, ya zaci rasuwa aka yi. Ya cire hula, ya koma sama.

"Ka ga? Na ciyar da kai, na cece ka. Tukwici!"

Zubairu ya miƙa mata guntun kyandir daga aljihu, dariya na shaƙe shi.

"Na sallama, uwargida. Amma gobe azumi nake."