Famfon da Ba a Murɗawa

Ba za ni taɓa mantawa ba da ranar da na je Sabon Birni neman aikin tsare ruwa, na dawo gida a jiƙe tun daga wuya har ƙafa. Ko na so in manta ma, matan Unguwar Lalle ba za su bar ni ba.

Shekarar fari ce. Ruwa ya sauka farkon damina, kowa ya yi shuka, sai sama ta ɗauke kamar an yi mata laifi. Gero ya fito ya kai tsawon tafin hannu ya ƙone a tsaye. Baba ya sake shuka, ita ma ta bi ta farko. Rijiyar unguwarmu kuwa sai ki zura guga ki tsaya jira, ki jawo rabinsa laka. Ni da Inna muka koma tafiya gulbi muna tona rairayi, muna kwalfar abin da ya tsattsafo da ƙoƙo. A gidanmu ruwa ba ya aiki ɗaya ya tafi. Ƙasarin tsaba na awaki ne, ruwan alwala a tare shi a kwano a ba zogale, na wanke-wanke a yayyafa wa tsakar gida. In kika zubar da ko ludayi guda, Inna ba ta faɗa, da ludayin za ta bi ki. Haka muka tashi: wadda ta ga ruwa yana zuba ba ta tare ba, ta yi abin kunya.

Ana cikin haka aka ce wata ƙungiya ta haƙa rijiyoyin burtsatse masu aiki da sola, ɗaya a unguwarmu, kuma za a ɗauki mace guda a kowace unguwa ta riƙe makullin famfo, ta tsara layi, ta hana ɓarna. Sharaɗi shi ne ta gama sakandare. Ni na gama, kuma da sakamako mai kyau (wannan ba yabon kai ba ne, takardar tana nan). Na riga na tsara komai a raina: makulli a hannuna, albashi a ƙarshen wata, Inna ta huta da tafiya gulbi da ciwon gwiwarta. Daga unguwarmu mu biyu muka nema, ni da Saratu, wadda muka yi aji ɗaya da ita. Saratu irin mutanen nan ne da in an tambaye su sunansu sai sun yi murmushi tukuna. Ban ɗauke ta abokiyar takara ba. Na ɗauke ta 'yar rakiya.

Da za mu fita Inna ta bi ni har ƙofa ta ce, "Ɗiyata, bakin ga naki ki baro mani shi gida. Abin da anka tambaye ki shi kaɗai za ki amsa."

Na ce to. Ban ko kai bakin hanya ba na manta.

Ofishin sabon gini ne, da tankinsa a sama da farantan sola. Aka zaunar da mu a baranda, mata daga unguwanni da ƙauyuka daban-daban, har da waɗanda suka zo tun daga Turba ta ƙasar Isa. Aka ce mai yin intabiyu wata Hajiya ce, injiniyar ruwa daga Sakkwato, tana tafe. Tun hantsi take tafe. Rana ta take tana tafe. Da ta iso kuma ta shige ciki aka rufe ƙofa, ana kiran mutane ɗaya bayan ɗaya kamar ana cire ƙaya. Ni ko jiran tuwo ya nuna ba na iyawa. Na tashi na zauna, na yi tsaki, na gaya wa ta kusa da ni cewa da a ce su ma sai sun je gulbi kafin su sha, da ba su shanya mu haka ba.

Da aka kira azahar na tambayi buta. Wani ma'aikaci da ke wucewa ya nuna min ƙarshen baranda ya ce ga famfo can. Na je na tarar da farin kwano manne da bango, da famfo mai sheƙi a kansa. Sai dai babu abin murɗawa. Na duba sama, babu. Na duba gefe, babu. Wani ɗan baƙin gilashi ne kawai a ƙarƙashin wuyansa, kamar ƙwayar idon kifi. Na sunkuya na kai hannu in shafa, ko makunnin a ɓoye yake.

Ruwa ya ɓalle.

Ku fahimce ni da kyau. Ban murɗa komai ba, ban danna komai ba. Ruwa fari tas, mai ƙarfi, yana ta zuba cikin wani rami yana tafiya inda ban sani ba. Abu biyu suka zo min a lokaci guda: na ɓata musu famfo, kuma ruwa yana tafiya a banza. Ban yi shawara da kowa ba, hannuna ne ya yi abin da Inna ta koya masa. Na sa tafin hannu na toshe bakin famfon. Ruwa ya tsartu ta tsakanin yatsuna ya wanke min fuska da hijabi. Na ƙara dannawa, ɗaya hannun yana lalubar bayan kwano yana neman inda ake kashewa.

Wani lokaci sai ya tsaya da kansa. In ce alhamdulillahi, in ɗan motsa hannu in gyara riƙo, sai ya dawo da ƙarfinsa. Na tabbata aljani ne ko rashin iya aikin waɗanda suka haɗa shi, kuma na fi zargin na biyun.

Na juya na ce wa matan da ke zaune, "Ku kuna kallo na? Ku kawo abin tarewa, famfon ga ya fashe."

Allah ya sani, ba wadda ta tsaya tambaya. Dukkanmu 'ya'yan fari ne. Wata ta rarumo bokitin goge ƙasa, wata ta zazzage ɗanwakenta a leda ta miƙo kwanon, wata ta kawo kular da ta zo da kunu. Da an kara kwano ruwa ya ci gaba, da ya cika a sa wani. Na cire mayafin da na ɗora a kan hijabi (na aro ne, na matar yayana) na naɗe wuyan famfon da shi tam, har da ɗan baƙin idon nan, na ƙulle. Daga nan ko ɗan hutun da yake yi ya daina. Ban san wadda ta leƙa waje ta faɗa ba, amma kafin a jima matan maƙwabta sun shigo da jarkoki, sun ji an ce famfon ofis ya fashe ana tare ruwa. Ni ce a gaba ina tsara layi da gwiwar hannu. A raina har ina cewa, to ga intabiyu nan a aikace, duk mai ido ya ga wadda ta dace da aikin.

Saratu ce kaɗai ba ta tashi ba. Ta matso a hankali ta ce, "Anya ba za ki bari a kira masu wurin ba?"

Na ce, "Ke zauna ki yi murmushi, shi kinka iya."

Ashe ana ta kiran sunana daga ciki, ban ji ba. Da aka gaji da kira, Hajiya Injiniya ta fito da kanta. Doguwar mace ce mai gilashi, ba ta da hayaniya. Ta tsaya ta dubi baranda ta zama tafki, ta dubi layin jarkoki, ta dube ni. Na san ko ita wace ce. Ba za ni ce ban sani ba, don ma kada ku nema min uzuri.

Ta ce, "Ɗiyar nan, ɗebe hannunki."

Na ce, "In ɗebe shi zube? Hajiya, ku dai ku kira mai gyara."

"Ki ɗebe hannunki, ki kwance ƙyallen ga, ki ja baya."

Nan fa bakin da Inna ta ce in baro gida ya iso. Na ce, "Hajiya, da girmanki, amma wanga aiki bai yi ba. Kun zo koya muna tattalin ruwa, kun sa famfon da ba shi da wurin kashewa. Mu can muna tonon rairayi da farce, ku nan ruwa na tafiya rami. Da ban tsaya ba da tankin ga ya ƙare. Ku gode Allah da ni ta taɓa shi, ba wata ba."

Wasu daga cikin matan har da gyaɗa kai. Wannan ya ƙara min ƙarfi, na ƙara da cewa duk wanda ya ƙera wannan abu bai taɓa ɗaukar tulu a kansa ba.

Hajiya ta tako cikin ruwan da takalminta, ta kwance mayafin da kanta, ta kama wuyan hannuna kamar za ta duba min zazzaɓi, ta janye shi gefe.

Ruwa ya tsaya cak.

Hijabina ne kawai ya ci gaba da ɗiga. Hajiya ta miƙa hannunta ƙarƙashin famfon, ruwa ya zo. Ta janye, ya tsaya. Ta sake, don kada a ce sa'a ce. Sannan ta nuna ɗan baƙin idon ta yi bayani, ba ni kaɗai ba, duk jama'a, da murya irin ta malamar aji. Ta ce na'ura ce mai gane motsi, in ta ga hannu ko kwano a gabanta ta saki ruwa, in ba ta ga komai ba ta rufe. An ƙirƙiro ta ne musamman don kada a manta famfo a buɗe. Ta ce wanda ya ƙirƙiro ta har rajista ya yi mata, yana da takardar mallaka, ba mai ikon ƙera irinta sai da izininsa.

Ya kamata in yi shiru. Na ce, "Shi kwantar da hankalinshi, ba mai kwaikwayonta."

Ba wanda ya yi dariya. Dariyar sai da Hajiya ta sake miƙa hannu a karo na gaba, famfon ya yi tari, ya tofo ɗan abin da ya rage, ya yi shiru. Tanki ya ƙare. Ruwan da ma'aikata za su yi alwala da shi, da wanda za a ba mu mu sha, duk yana cikin jarkokin maƙwabta da bokitin goge ƙasa da zanina. Matan da suka taya ni kuwa, na waiga na ga kowace ta koma mazauninta ta naɗe hannu, kamar tun safe a nan take. Mai kwanon ɗanwake har tana cewa ita dama ta ga abin bai yi kama da fashewa ba.

An yi min intabiyun, don Hajiya mai adalci ce. Na zauna a kujera ina ɗiga a kan tayil. Tambaya ɗaya ta yi min: in na ga wani abu a wurin rijiya da ban gane ba, me za ni fara yi? Ba ta ma jira amsata ba. Ta ce, "Kina da kishin ruwa, wanga ba shakka. Amma injin da za mu ba ku ya fi famfon ga tsada, kuma shi ma ba a ɗaure shi da mayafi."

Saratu aka ɗauka.

Labari ya riga ni isa gida, don mai babur ɗin da ya kai mu can bai iya riƙe magana ba. Inna ta dube ni tun daga sama har ƙasa, ta ce in shiga in tuɓe in matse kayan a cikin kwano, kada ruwan ya tafi a banza. Ba ta ƙara ko kalma ba, kuma da ta bi ni da ludayi da ya fi min sauƙi.

Har yau ina jin haushi, kuma ba ni kaɗai nake jin haushi ba. Me zai hana a manna 'yar takarda a bango a ce ga yadda abin yake? Mutumin da ya zauna ya ƙirƙiro famfo mai ido ya yi tunanin mai mantuwa, ya yi tunanin malalaci, bai yi tunanin wadda ba za ta iya juya wa ruwa baya ba. Amma in na gama jin haushinsa sai in tuna cewa sau biyu aka ce in ɗebe hannu, ni kuwa na zaɓi in yi wa'azi.

Yanzu kullum da safe ina bin layi a famfon da Saratu ke riƙe da makullinsa. Ni nake ɗebo wa Inna, ta huta da gulbi, sai dai ba ta hanyar da na tsara ba. Famfon na murɗawa ne, irin wanda kowa ya sani, amma duk ranar da jarkata ta cika sai Saratu ta yi murmushin nan nata ta ce, "Ɗebe hannunki, ni za ni kashe." Layi ya kwashe da dariya, ni kuma in ɗauki jarkata.

Abin da na koya shi ne, in na ga abin da ban sani ba, in ja da baya tukuna, in rufe baki, in tambaya. Ja da bayan na iya shi yanzu. Rufe bakin ne har yau ba a ƙirƙiro na'urarsa ba.