Ranar da Na Yi wa Kwamfutar Fadimatu Jinya

Ba zan taɓa mantawa da jajiberin ranar da 'yar autata Fadimatu za ta kare aikinta na kammala karatu ba. Tsakiyar bazara ce, kuma wanda ya san Garwa ya san irin ranar da nake nufi, wadda ko ƙofar ƙarfe ba ka iya dafawa.

Wata uku yarinyar nan tana fama da abin da take kira kwantena. Manhaja ta rubuta mai tuna wa iyaye mata ranar rigakafin yara. Da na ce ta fahimtar da ni, sai ta ce, "Dada, in za ki Banyo wajen Goggo, me ya sa kike ɗaure tukunyarki da daddawarki da yajinki?" Na ce don miyata ta fito yadda na saba. Ta ce, "To shi ke nan. Nakan rubuta jerin duk abin da manhajar ke buƙata, kwamfuta ta ɗaure su ƙunshi ɗaya. Ƙunshin shi ne imaj. A duk kwamfutar da aka kwance shi ya fara aiki, ya zama kwantena." Na gyaɗa kai kamar na gane (rabin hankalina yana kan yadda bakinta ke zuba ilimi, ina ta Masha Allah a zuci).

A jajiberin nan, bayan azahar, ta bar kwamfutar a ɗaki, baƙin allo yana ta zubo rubutu, ta ce tana gina imaj, kada a taɓa, za ta je karɓo takardunta. Ni kuwa da na shiga ɗaukar sallaya sai na ji abar tana huci. Na ɗora bayan hannuna, zafi rau kamar goshin yaro mai zazzaɓi. Tausayi ya kama ni. A gidanmu in jarka ta ɗau zafi, buhu ake jiƙawa a naɗe ta. Sai na jiƙa tawul, na ɗan matse (ɗan matsewa fa, Allah ya gani), na shimfiɗa a kan madannan, har da bismillah. Ba a jima ba hucin ya tsaya. Na fita ina jin daɗi, wai ta samu sauƙi.

Da Fadimatu ta dawo ta ɗaga tawul ɗin, ta danna, ta sake dannawa. Shiru. Ta dube ni ta ce, "Ba komai, Dada. Imaj ɗin jiya yana ma'ajiyar intanet, na yau launi kawai na sauya." Ban yarda ba. Na ɗauka irin ladabinta ne, ba ta son in yi kuka. Na tabbata na kashe wa 'yata shekarar karatu guda da hannuna.

Washegari na bi ta makaranta da jajayen idanu. Zauren ya cika da ɗalibai da iyaye, malamai uku a gaba. Babbansu, wani dattijo mai tabarau, ya ga ta taho da kwamfutar ƙawarta mai hoton fure a baya, ya ce da Faransanci, "Ina taki?"

Kafin ta buɗe baki na miƙe. Na tono Faransancin da na baro a kolej tun kafin aurena, na ce laifina ne, ni na kashe ta da tawul, zazzaɓi take yi, a hukunta ni a bar yarinya. Inda Faransanci ya ƙare na ci gaba da Fillanci, na ƙarasa da Hausa, ina nuna faɗin tawul ɗin da hannu biyu. Wani ɗalibi a baya ya ce, "An ba ta farasitamol kuwa?" Zaure ya ɗauki dariya.

Fadimatu ba ta ko ɗaure fuska ba. Ta ce, "Dada, zauna ki gani." Ta rubuta layi ɗaya, imaj ya sauko. Ta rubuta na biyu, sai ga manhajarta a bango, da sunayen yaran gwaji da ranakunsu, ba abin da ya ɓace, a kwamfutar da ba ta taɓa ganin aikin ba. Ta yi bayanin kowane layi na jerin nan ba tare da duba takarda ba.

Dattijon ya cire tabarau ya juyo gare ni da Hausa. "Hajiya, tambayar da na tanadar mata ita ce, in kwamfutarki ta mutu yau, aikin fa? Kin riga ni, har da gwaji. Useko, na gode." Aka sake dariya, ni kuwa na ja mayafi har hanci. Amma ta cikin mayafin na ji makin da suka ba ta, hawayena suka sauya dalili.

Yanzu in yarinya ta ce min ba komai, nakan tsaya in ji dalilinta kafin in miƙe a gaban jama'a. Sabuwar kwamfutar tana nan, ita ma tana huci in rana ta take. Nakan tsaya daga bakin ƙofa in yi mata sannu, hannuwana a baya.