Allurai Tara na Pak Darmaji

"Da za a tsaga fuskar nan tawa, zinaren da za a kwasa ya ishi amare uku 'yan kunne. Shi ya sa ni da tsoro ko a hanya ba ma gaisawa."

Gaisuwar safiyar Pak Darmaji, wato Malam Darmaji, ke nan a kasuwarmu ta Klaten. Kowa na ina kwana, shi yana zinare. Wuƙaƙe da lauje yake sayarwa. Gajere ne, ga tumbi kamar buhun shinkafar da aka jingine a bango, ga gashin baki da yake shafe wa da baƙin rini, in rana ta yi zafi rinin ya gangaro masa har haɓa. Kowane yatsa da zobensa, in ban da babban yatsa ɗaya, shi ma don ba a samu wanda zai shiga ba ne.

Zinaren da yake nufi susuk ne, 'yan alluran nan da boka ke cusa wa mutum a ƙarƙashin fata. Masu hankali in sun yi, ko matarsu ba ta ji. Shi ma Darmaji sirri ne a wurinsa, kasuwa ɗaya tak ya gaya wa. Wai tara ne: uku a goshi na jarumta, bibbiyu a kumatu na farin jini, biyu a haɓa don maganarsa ta yi nauyi. Saniyar da ya gada sukutum ya miƙa wa bokan. Shekara goma sha takwas yana kiyaye sharaɗi: ba ya cin zogale, ba ya bi ta ƙarƙashin igiyar shanya, ba ya yagar tsire daga tsinke, sai dai ya zare da yatsa kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. In ya karya ɗaya, alluran za su zube.

Abin da ba ya faɗa shi ne, shekarar da ƙasa ta girgiza ya je wurin bokan, don wata huɗu ya yi ba ya iya kwana a ƙarƙashin rufi. Wannan kam ya iya riƙe shi.

To, akwai Bu Lasmini, wato Malama Lasmini, mai romon kaza a bakin ƙofar gabas. Mijinta ya rasu shekara biyar, ya bar mata rumfa da tukwane uku, ita kuma ta mayar da su bakwai. Mace ce da in ta taya kaya, mai kayan ne ke ba ta haƙuri. Mutum biyu ke nemanta: Darmaji, da Kang Tukiran mai awara, wanda in ya yi magana goma a yini to ranar ya sha surutu.

Darmaji ya koma kiranta Dik, wai ƙanwa, alhali ta girme shi da wata bakwai.

"Dik Lasmini, me za ki yi da mai awara? Shi da awararsa duk laushinsu ɗaya. Ni kuwa dukiyata a fuskata nake yawo da ita."

Ta ci gaba da yanka albasa, ta mayar masa da Kang, wato yaya. "Kang, ni ba na sayen kaya a ƙulle cikin buhu. Ko kaza sai na ɗaga fiffikenta."

"To in tsaga fuskar ne?"

"Ba sai ka tsaga ba. Ga likitocin can da suka zo jiya suna rubuta suna. An ce na'urarsu har cikin kai take gani. Kawo min hoton alluran nan tara in ƙirga da idona, sai mu sa rana. In babu, Tukiran ya riga ya kawo goron maganarsa, awara ce kwando guda."

Likitocin daga babban asibitin koyarwa suke. Bincike suke yi a kan mu da muka ga girgizar ƙasa, su ga inda fargaba ke samun wurin zama a ƙwaƙwalwa, da abin da ya sa wasu ta sake su, wasu kuma har yau ko babbar mota ta wuce sai gabansu ya faɗi. Darmaji ya je ya ture layi, ya ce a rubuta shi da manyan baƙaƙe.

"Ku auna ni tukuna," ya ce wa Likita Retno, wata siririyar yarinya mai tabarau, "don ku san yadda kan lafiyayye yake, sai ku gwada na sauran."

Aka ba su Laraba, shi da Lasmini da Tukiran, su uku rana ɗaya. Darmaji ya iso da rigar biki da wuƙar gado a soke a baya, da ɗamara mai makullai sun fi ashirin, yana tafe yana ƙara kamar akuyar da aka rataya wa gwangwani. Likita ta shiga da shi wani ɗaki, ta ɗauki takarda.

"Pak, kana samun barci?"

"Kamar gawa."

"Gabanka yana faɗuwa haka kawai?"

"Nawa? Sai dai na wanda ya gan ni."

Ta rubuta wani abu. "Akwai ƙarfe a jikinka? Ko na tiyata, ko allura?"

Nan ya gyara zama, ya murza gashin baki, ya zayyana mata tara ɗin da wurin zaman kowace. Ya zaci za ta miƙe tsaye. Sai ta ajiye biro kawai.

"To sai mun fara ɗaukar hoton ƙashin fuskarka. Babbar na'urar maganaɗisu ce, Pak. Zinare na gaske bai dame ta ba. Amma in bokan ya haɗa da baƙin ƙarfe, za ta ja shi."

"Ja kamar yaya?"

"Ja dai. Ta inda ya fi kusa."

Darmaji ya taɓa goshinsa. Uku na nan, dab da ido. Mutumin da ya yi shekara talatin yana sayar da ƙarfe ya san sarai yadda ake shafa wa ƙarfe ruwan zinare, don shi ma ya taɓa yi wa wata wuƙa. Rinin gashin baki ya fara tafiya.

Aka tuɓe shi tas. Zobba tara a faranti, wuƙa a kabad, makullai a kwando, aka ba shi wata riga mai igiya a baya wadda ta ƙi haɗuwa da 'yar'uwarta. Aka ɗauki hoto. Likita ta ɗora shi a allo mai fitila, ta duba sama, ta duba ƙasa, ta yi murmushi.

"Albishirinka, Pak. Babu komai."

"Babu baƙin ƙarfe ko?"

"Babu komai dai. Ba zinare, ba ƙarfe. Sai haƙori ɗaya da ya kamata ka kai a duba."

"Na'urarku ce ba ta da ƙarfi. Alluran nan ba sa fitowa a gaban baƙo."

Yarinyar nan mai haƙuri ce. Ta sake ɗauka ta gefe, ta sake ta ɗaya gefen. Ƙoƙon kan Darmaji ya fito sau uku yana washe baki, wayam kamar rumfa ranar Salla.

Ka san abin da ya fara zuwa masa a rai? Ba saniyar ba. Tsire. Shekara goma sha takwas na tsire. Sai daga baya na biyun ya iso, ya zauna masa a ƙirji: ashe duk tsawon nan ba mai tsaronsa. Shi kaɗai yake yawo a duniya da fatar fuska zalla.

"Tunda babu ƙarfe," in ji likita, "sai mu shiga babbar."

Ya so ya ce yana da uzuri. Amma a baranda ya ci karo da Bu Lasmini, ta fito daga nata, tana ciniki da ma'aikaciya a ƙara mata hoto ɗaya gyara. Tukiran na gefe yana hamma, wai barci ya kwashe shi a ciki sai da aka tashe shi.

"Kang, yaya alluran?" ta tambaya.

"Sun cika musu allo," ya ce, yana riƙe bayan riga da hannu ɗaya. "Likitar har sai da ta cire tabarau."

Na'urar kuwa wani farin rami ne, faɗinsa kamar bakin rijiya. Aka kwantar da shi, aka toshe masa kunne, aka kife masa wani keji a fuska, aka danƙa masa 'yar ƙwallon roba.

"In ka ji ba daɗi, ka matsa wannan, za mu tsaya."

"Ki ba masu buƙata."

"Riƙe dai, Pak."

Gado ya fara zamewa da shi ciki. Rufin ramin ya tsaya masa a kan hanci. Ya matsa ƙwallo.

Muryar likita ta fito ta lasifika. "Pak, ba mu kunna ba tukuna."

"Gwadawa nake in ga ko tana aiki."

Aka kunna. Wanda bai taɓa shiga ba, abin bugu yake kamar maƙera goma sun samu saɓani a cikin tukunya ɗaya. Gadon ya ɗan yi rawa. Darmaji bai ƙara sanin yana asibiti ba, shi dai ƙasa ta sake motsawa kuma rufi na kansa. Ya matse ƙwallo da hannu biyu har ta yi tsalle ta bar shi, ya buɗe maƙogwaro yana kiran uwarsa, wadda ta shekara ashirin a kabari. Ƙofar ɗakin nan kaurinta ya kai taƙi, amma har masu jiran magani a ƙasa sai da suka ɗaga kai.

Minti arba'in ake yi. Ya yi ɗaya da rabi.

Da aka zaro shi, likita ta ba shi ruwa, ta ja kujera kusa, ta yi ƙasa da murya. Ta ce wannan ba abin kunya ba ne, irinsa suke nema tun farko, kuma yana da magani. Ya riƙa zuwa ranar Alhamis su zauna su yi magana. Ya gyaɗa kai kamar yaron kirki. Amma yana fitowa baranda, ya ga Lasmini, tsohon hali ya dawo.

"Kun ji ƙara ko? Alluran ne suka kama kokawa da maganaɗisun. Da ban yi musu tsawa ba, da sun fasa musu na'ura."

"Na ji kana kiran Mama," in ji Lasmini.

"Sunan babbar allurar ke nan."

"To. Gobe ka zo min da hoton."

Da ya yi shiru daga nan, da ya tsira da rabin mutunci. Ina. Ya koma rumfarsa da la'asar, ya sauke labule, ya shimfiɗa baƙin hoton ƙashin fuskarsa da likita ta ba shi a kan benci, ya zaɓi ƙusa mai tsini. Ya lura duk abin da ke da tauri fari yake fitowa, kuma in ka karce baƙin, haske na ratsawa. Ya karta uku a goshi. Ya ja baya ya duba, abin ya yi masa kyau. Ya bi kumatu, ya bi haɓa, bai ko tsaya ya ƙirga ba.

Washegari ya tara mutane a gaban rumfar romo, har da mu masu barkono. Ya zaro hoton daga ambulan kamar takardar fili.

Lasmini ta goge hannu a zani, ta ɗaga shi ga rana. Ta ƙirga da baki a hankali.

"Kang, tara ka ce."

"Tara."

"Goma na gani."

"Sun haihu. Zinare mai kyau yana yi."

"Wannan ta gefen kunne fa, da ke tsaye a iska, ba ta taɓa kan ba?"

Wurin da ƙusa ta zame masa ke nan. Darmaji ya leƙa. "Mai gadi ce. Tana zagayawa."

Ba ta yi dariya ba, mu ne muka yi. Ita sai ta shafa hoton da babban yatsa, yadda take shafa atamfa in tana zargin an yi mata algus. Ta juya bayansa ta shafa. Sannan ta zare tsinken gashinta, ta ɗora hoton a kan teburin yanka kaza, ta ja layi ɗaya ƙiii a tsakiyar hancin. Ta ɗaga. Sabuwar allura ta fito fes, ta ma fi sauran miƙewa.

"Ga gyara," ta ce, ta miƙa masa. Ta juya wajen mai awara. "Kang Tukiran, watan gobe ya yi maka?"

Tukiran ya ce, "Ya yi." Maganarsa ta uku ke nan a ranar.

Darmaji ya yi kwana shida bai buɗe rumfa ba. Ran na bakwai ya dawo, ya ce likitoci sun roƙe shi ya riƙa zuwa duk Alhamis yana ba su shawara. Ba wanda ya musa masa, don mun ga idonsa ya daina ja, alamar mutum ya fara barci.

Ranar bikin kuwa ya zo, don ba a taɓa dafa abinci a Klaten ya ƙi zuwa ba. Aka ajiye masa miyar zogale, ya shanye. Aka kawo tsiren akuya yana turiri. Ya ɗauki tsinke ɗaya ya miƙe tsaye, don kowa ya gani.

"Shekara goma sha takwas rabona da wannan. Ku matso ku ga yadda maza ke yagar nama."

Ya kai baki da ƙarfinsa duka, irin na wanda ya manta hanya. Tsinken ya wuce naman, ya soke shi a kumatu ta ciki. Ɗigon jini ɗaya ya fito, ɗaya tak. Darmaji ya gan shi a yatsa, idonsa ya juye, ya sulale a kan tabarma, ƙafa ɗaya cikin kwanon miya.

Aka yi ta yi masa fifita da murfin tukunya. Da ya buɗe ido, amarya ce tsaye a kansa da furanni a gashi, tana leƙen kumatun.

"Sannu, Kang," ta ce. "Yau dai ɗaya ta shiga da gaske. Saura takwas."