Ƙuri'u Dubu na Injiniya Barmo

Ni ne mutumin da ya yanka rago don murnar zaɓen da ya faɗi. Amma ku bari in fara da gwanin da ya ja mani.

Barmo ya yi sati uku a Yamai yana koyon harshen da ake rubuta shafukan intanet da shi. Ya dawo Sabon Gari da tabarau da jakar ordinatar, wato kwamfuta, ko masallaci da ita yake zuwa. Muka sa mashi Injiniya Obje, don tun dawowarshi, a wajenshi babu sauran mutum a Maraɗi, sai obje.

"Kowa obje ne," in ji shi. "Akwati ne mai suna, da shekaru, da gari. Kai ma Alhaji obje ne."

Alhajin ya ce ya gode, a zatonshi sarauta ce.

Shekarar da sojoji suka maida mulki ga farar hula, zaɓe ya shiga jinin kowa. Mu ma ƙungiyar dillalan hatsi muka ce za mu zaɓi shugaba, ni da Idirisa muka tsaya. Barmo ya miƙe ya gyara tabarau.

"Ƙirgen hannu shi ya kashe demokaraɗiyya. Mashin ba ta da dangi. Ta san bambancin lamba da rubutu, abin da ko ministoci ba su sani ba."

Ranar zaɓe ya zauna gaban ordinatar kamar likita gaban gawa. Rassa uku ƙungiyar take da su, kowane da gurbinshi kan allo. Na samu goma sha biyu a Tsibiri, bakwai a Jiratawa, uku a Maraɗi. Idirisa bai samu komi a waje ba, sai Barmo ya bar mashi gurabun nan biyu wayam, ya rubuta sittin da ɗayanshi ta Maraɗi. Ya danna. Allo ya ce Idirisa 61, ni 1273.

Ban tsaya tambaya ba. Kafin la'asar rago ya kwanta.

Ana cikin ci Hajiya Tasalla, mai awon gero, ta lashe yatsa ta ce, "Malam Inusa, mu tamanin da uku ne a ƙungiyar nan. Sauran daga maƙabarta suka zo?"

Ashe a harshen nan, in ba ka gaya wa mashin cewa lamba ce ka ba ta ba, rubutu take ɗauka. In ka ce ta haɗa, jerawa take yi. Sha biyu, bakwai, uku: ta zaunar da su kusa da juna kamar tsofaffi kan benci.

Idirisa ya karɓi kujera, ya kuma tafi da cinya guda.

Washegari na iske Barmo yana goge tabarau.

"Injiniya, ba kai ka ce ta san lamba da rubutu ba?"

Bai ko ɗago ba.

"Ta sani mana, Malam Inusa. Ta duba ƙuri'unka ta ga ba su kai lissafi ba, sai ta aje su wajen surutu. Shekara nawa muna gaya maka, sai da mashin ta faɗi?"