Wayoyi Biyu a Samirar Liman

Ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin auren Memuna ba, kuma ko da na so mantawa, zangon Yendi, unguwarmu, ba zai ba ni dama ba. Memuna 'yar yayana ce, Alhaji Seidu mai hatsi a kasuwa. Ni kuwa malamin kimiyya ne a ƙaramar sakandare, shi ya sa kowa ke kirana Masta, har da matata Fati idan ranta ya ɓaci.

Bari in fara da bayanin ciwona. A shekarar nan karatu ya kai ni kan wani abu da masana ke kira bugun maganaɗisu. Idan aka fasa wani irin bam can sama, ko kuma rana ta yi aman wuta ta watso shi wajenmu, wani ƙarfi yakan bi ta wayoyin lantarki ya ƙone na'urori. Taransifoma ta mutu, famfo ya bushe, gidan mai ya kasa ba da mai, firjin asibiti ya daina sanyi, magungunan da ke ciki su lalace. Ba irin ɗauke wutar da muka saba ba ce, wadda ake tsaki a fito da tabarma waje. Wannan in ta zo ana iya yin watanni. Maganar gaskiya ce, har yau ban janye ba. Inda matsala take, ni mutum ne da idan ya karanta abu sai ya ga kamar shi kaɗai aka aiko wa.

Na cika jarkoki da ruwa. Na tara ashana da gishiri da garin rogo a ƙarƙashin gado. A ofishin malamai kuwa, da na ce "kun san dai rana", sai kowa ya tuna yana da aji. Fati ta kalli jarkokin ta ce, "Masta, mu da aka haifa cikin ɗauke wuta, me kuma ya rage da rana za ta ɗauke?" Na yi mata bayani mai tsawo. Ta saurara kamar yadda ɗalibaina ke saurare, wato da fuska kawai.

Abin da ya fi burge ni cikin karatun shi ne maganin. Wai duk na'urar da aka rufe ruf cikin mazubin ƙarfe, bugun ba ya isa gare ta. Na ɗauki samirar Fati, na shimfiɗa tawul a ciki, na ɗora wayata, na rufe, na liƙe bakin murfin da takardar nan mai ƙyalli da ake naɗe gasasshen kifi. Na kira da wayar Fati, aka ce ba a samun lambar. (A duk shekarun da na yi ina koyarwa, wannan ne gwajin da ya yi aiki tun karon farko, kuma ba ɗalibi ko ɗaya a wurin.)

To, ga auren. Angon, Issaka, mutumin Bawku ne, danginsa fataken albasa da shanu. Yaya Alhaji bai so ba tun farko. Ya ce Bawku nesa ce, kuma bai san kakanninsu ba. Goggo Adisa, ƙanwar mahaifinmu da ke Salaga, ita ta taso takanas ta zaunar da shi, ni kuma na taya da misalai. Ya yarda, amma irin yardar da ke jiran dalili ta koma.

Da safen ranar na duba wayata, na ga labarin cewa rana ta yi aman nan kuma ana sa ran ya iso duniya a yinin. Ina cikin wannan tunani sai Yaya Alhaji ya miƙo mini tasa wayar.

"Masta, riƙe. Ni yau baƙi sun ishe ni. In mutanen Bawku suka kusa za su kira, ka je ka tarbo su."

Lambobi biyu kacal mutanen Bawku ke da su a gidanmu, tasa da tawa. Ta Memuna tana kashe a jakar Goggo, domin amarya a lalle ba ta hira da ango. Na tsaya da wayoyi biyu a hannu na yi lissafi irin na masana: idan bugun ya zo, aƙalla wayoyi biyu za su tsira a duk faɗin Yendi. (Ban tambayi kaina wa za su kira ba.) Na sa su a samira, na liƙe, kuma don murfin ya zauna daram na ɗaure da sabon ɗankwalin Fati mai ruwan zinariya. Na ajiye a kusurwar ɗakin ajiya da niyyar in riƙa leƙawa a kai a kai. Daga nan masu kafa rumfa suka kira ni raba gardama, masu kujeru suka karɓe ni daga hannunsu, aka aike ni neman ƙanƙara.

Da na dawo, kusurwar nan fayau.

A nan ne na tuna abin da duk wanda ya tashi a zango ya sani. Ranar biki, kafin baƙi su ci, sai an kai wa manyan unguwa nasu abincin har gida, kowa a samirarsa, a ɗaure da ɗankwali. Na leƙa tsakar gida, ga samirori suna ta fita a kan mata, Goggo Adisa na zaune kan turmi tana nuna kowace da inda za ta.

Mai hankali zai je ya durƙusa ya ce, "Goggo, na yi shirme." Ni na zaɓi bincike. Na bi sauran samirorin ina ɗaga murfi ɗaya bayan ɗaya: shinkafa, tuwo, shinkafa da wake, tuwo.

"Masta," in ji Goggo, da muryar da ta isa har ƙofar gida, "in yunwa kake ji ka faɗa a zuba maka. Furfura a gemu kana leƙen tukwanen mata?"

Aka yi azahar, babu mutanen Bawku. Jama'a sun cika rumfa, ana ta fifita da hula. Yaya Alhaji ya yafito ni.

"Sun kira?"

"Ban ji ƙarar waya ba, Yaya."

(Gaskiya na faɗa, amma irin gaskiyar da ni kaina nake sa ɗalibi ya durƙusa a kanta.)

Wani dattijo ya ce to a kira su mana. Yaya Alhaji ya gyara babbar rigarsa ya ce, "Ni zan kira? Su ke nema, ba ni nake talla ba. In aka kira la'asar ba su zo ba, ba su aiko ba, a sauke rumfa." Kunya ce in faɗa, amma a wannan lokacin girman kan yayana daɗi ya yi mini.

Daɗin bai daɗe ba. Fati ta ja ni gefe ta ce maganar ta kai ɗakin amarya, Memuna na ta kuka, ga hannuwa a ƙunshe da lalle, ƙawarta ce ke share mata hawaye. Yarinyar nan ni na koya mata karatu a kan cinyata. Na ji duk ilimin ya zube daga kaina. Na tambayi inda Yaya yake, aka ce Liman ya ja manya zuwa zaurensa su fake wa rana. Na nufi can ina haɗa kalmomin tuba a hanya.

Na yi sallama, na tuɓe takalmi, na durƙusa. Na buɗe baki ke nan Liman ya ce, "Tunda jira ya yi tsawo, a kawo abincin gidan Alhaji mu taɓa." Aka shigo da ita. Ɗankwali mai ruwan zinariya. Ashe Goggo ta ga ɗaurin da ya fi kowane kyau, ta ce wannan sai babban malami.

Liman ya wanke hannu, ya kwance ɗankwalin, ya ga takarda mai ƙyalli.

"Gidan Alhaji an ci gaba," in ji shi. "Don kada ya huce ke nan."

Ya ɓare ta a hankali, ya yi bisimilla, ya ɗaga murfi. Dattawa suka miƙo wuya. Ga wayoyi biyu kwance kan tawul kamar tagwaye ranar suna. Liman ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗago.

"Alhaji, wannan da cokali ake ci ko da hannu?"

Kafin a amsa, wayoyin suka farka. Saƙonni suka fara shigowa suna rige-rige, sai ta Yaya Alhaji ta ɗauki ƙara. Ya gane muryar abarsa. Ya sa hannu cikin samirar Liman ya ɗauka. Alhaji Bukari ne, baffan ango, mutumin da ya saba ciniki a kasuwar shanu, don haka duk zauren ya ji shi.

"Alhaji, in kun fasa ku faɗa mana kamar manya. Tun hantsi motarmu ta mutu a daji bayan Gushegu. Ga tsofaffi, ga goro na shan rana, wayoyinku duka biyu a kashe. Mun sami motar da za ta mai da mu gida, direba na jira."

Yaya Alhaji ya sauke wayar daga kunne. Ni ya kalla. Dattawa suka bi idonsa.

"Masta, me wayata take yi a abincin Malam?"

Na yi bayani. Allah ya sani na yi bayani. A durƙushe, gumi na bin bayana, na ce rana, na ce maganaɗisu, har na ji bakina yana cewa "kamar yadda muka gani a baya", alhali ba mu ga komai ba. Wani tsoho ya leƙa ƙofar zaure ya duba ranar, ya dawo ya ce shi dai bai ga ta canza ba.

Liman ne ya cece mu. Ya karɓi wayar ya ce, "Alhaji Bukari, Limamin unguwa ne. Kada ku hau motar nan. Ba wanda ya kashe muku waya, a cikin abincina aka kawo mini wayoyin, ni ma ban ci komai ba." Alhaji Bukari ya ce bai gane ba. Ya sake maimaitawa dalla-dalla. Sai muka ji dariya ta ɓarke daga dajin Gushegu, ana ba wa na baya labari da Kusasanci, yaren mutanen Bawku. Yaya Alhaji ya tura motarsa ta ɗaukar hatsi, ango da danginsa suka iso Yendi da ƙaiƙayin masara a rigunansu, aka ɗaura aure gab da magariba.

Na yi zaton Yaya zai wanke ni tas. Bai yi ba. Washegari ya same ni ina tattara kujeru, ya tsaya kusa da ni ya ce, "Na san kare ni ka yi niyya, Masta. Amma nan gaba in za ka kare ni, ka sanar da ni tukuna."

Daga baya na ƙara karatu, na gano aman rana dogayen wayoyin lantarki da taransifoma ya fi yi wa ɓarna, wayar aljihu ba ta cika shiga lissafinsa ba. Ranar kuwa ko ƙiftawa wuta ba ta yi ba a Yendi. Duk garin gida ɗaya ne sadarwarsa ta yanke, kuma ni na yanke ta da hannuna, bisa ƙa'idar kimiyya.

Har yanzu ina koya wa ɗalibaina shirin ko-ta-kwana, domin ranar da wuta za ta tafi ta daɗe tana iya zuwa. Na dai ƙara musu darasi ɗaya da babu shi a manhaja: duk shirin gaggawar da kai kaɗai ka san da shi, kai ne gaggawar da sauran mutanen gidan ya kamata su yi wa shiri.