Ranar da Na Sare Furen Anti Hauwa

Ko komai zai shafe a kaina, ba zan taɓa mantawa da safiyar sunan ɗan Yayana ba. Na tashi da niyyar fitar da gida kunya, na ƙare da jefa shi cikinta tsundum.

Ni a Greensboro ta Amurka nake zaune, unguwar Glenwood, a wani ɗan tsohon gida da muke haya ni da ƙawata 'yar Kumasi. Wanda ya san garin nan ya san ciyawarsa ba ta da ta ido. Ka yanke ta ranar Asabar, kafin wata Asabar ta zagayo har ta fara leƙen taga, mai gida kuma ya fara turo saƙo. Saboda haka a ƙa'idata, duk abin da ya tsiro a ƙofar gida ya wuce gwiwa, abokin gaba ne.

Yaya Sani kuwa aiki ya kai shi Arizona, can cikin hamada. Matarsa, Anti Hauwa, ta haihu bayan shekara bakwai ana jira, ga shi Hajiyarmu ba ta samu biza ba, sai aka shiga neman wadda za ta je taya ta jego. Yaya bai so a kira ni ba. A waya, da kunnena na ji ya ce, "Wannan yarinyar? Ai karambaninta ya fi aikinta yawa." Anti Hauwa ce ta tsaya kai da fata, ta ce ni take so, kuma ita ta san na yi hankali. Na hau jirgi da alkawari ɗaya a raina: ba zan ba ta kunya ba, kuma sai Yaya ya janye maganarsa.

Jama'a, na ga unguwa! Tun daga nesa za ka hango katanga mai launin rairayi ta zagaye ta, da ƙofar ƙarfe da ba ta buɗewa sai ka danna lamba. Da ka shiga sai ka rantse zana garin aka yi a takarda kafin a kafa tubali ɗaya, kuma ashe haka ɗin ne. Makaranta na nan, wurin wasan yara na can, ga hanyar masu tafiya a ƙasa ta bi ta bayan gidaje, har da ɗan tafki da aka haƙa a tsakiyar wannan ƙona. Gidajen duk fenti kusan iri ɗaya, ba ko leda a titi. Da yamma duwatsun da ke bayan unguwar su yi jawur, ni kuma in tsaya baki buɗe (na ɗauki hoto ya fi ɗari, har yau ban goge ko ɗaya ba).

Babu ciyawa a ƙofar gidan kowa. Tsakuwa ce aka shimfiɗa lumui, da 'yan tsirrai masu ƙaya jefi-jefi, kowanne da siririn bututu a ƙarƙashin ƙasa yana ɗiga masa ruwa. Yaya ya ja mini kunne tun a mota cewa unguwar tana da kwamiti, kuma kwamitin ba ya wasa. Ka bar kwandon shara a waje ya kwana biyu, wasiƙa. Ka shanya kaya inda za a gani daga titi, wasiƙa. Na ce a raina, ai in dai wasiƙar ce ta kawo wannan tsari, ni ya burge ni.

Abu ɗaya ne ya tsone mini ido. A ƙofar gidan Yaya akwai wani tsiro mai kama da kabar giwa, amma ƙato, kuma daga tsakiyarsa wata sanda ta fito ƙerere, kaurinta ya kai cinyata, tsawonta ya kusa kamo rufin gida. Ba ganye, ba kyan gani, sai wasu ƙulle-ƙulle a can sama. Duk unguwar ba gidan da ke da irinta.

Sai kuma na lura da wani abu. Kullum da safe maƙwabta, in sun fito tattaki da karnukansu, sai su tsaya a gabanta. Su nuna ta da yatsa, su yi 'yan ƙus-ƙus, su ɗaga waya su ɗauki hoto. Akwai wata tsohuwar Baturiya mai faffaɗar hula, Madam Carol, wadda Yaya ya ce ita ce shugabar kwamiti. Ita har da awo take yi da ido tana kaɗa kai. Nan take na gane komai (a ganina fa). Shaida suke tarawa. Sun ga mai gida ya shagala da hidimar haihuwa, matar gida tana ɗaki, ƙofar gida ta zama daji, kuma wasiƙa na tafe. Ga baƙin suna za su zo su tarar da wannan abin kunya.

Na tambayi wani? Ina! Ai in na tambaya ladan ya ragu. So nake su fito kawai su ga aiki.

Ranar suna ina idar da sallar asuba na shiga gareji, na ɗauko addar da Yaya ke sara ƙashin layya. Na ɗaure zani tamau, na yi bisimilla, sara huɗu sandar ta zo ƙasa. Na ja ta ta ƙofar gefe zuwa bayan gida. Da yake ni ba mai almubazzaranci ba ce, sai na rage mata tsawo, na tokare igiya da ita, na shanya kayan jariri a inda ba mai gani daga titi. Doka ma na kiyaye. Abin da kawai ya dame ni, ruwan da ya fito daga jikinta ya taɓa mini hannuwa, suka kama ƙaiƙayi kamar na yi wanka da ƙarara.

Wajen ƙarfe goma falo ya cika da Hausawan yankin, an raɗa suna, ana cin waina, ina ta kai da kawo ina susa a ɓoye. Sai aka danna ƙararrawa. Madam Carol ce da wasu maƙwabta uku, ɗauke da kyautar jariri, amma fuskokinsu kamar masu zuwa ta'aziyya. Ta ce wa Yaya tana baƙin cikin sanar da shi cewa wani mara imani ya shigo unguwa ya yi ɓarna. Wannan tsiron, in ji ta, sau ɗaya tak yake fure a rayuwarsa, bayan shekaru da shekaru, kuma a makon nan ake sa ran zai buɗe. Duk layin jira suke. Ta ce amma kada ya damu, kyamarar ƙofarta ta kama ɓarawon, ita dai ba ta sa tabarau ba, shi ya duba.

Yaya ya karɓi wayar, baƙi suka yi masa rumfa. Ga ni nan tar, da zanina mai ruwan goro, ina tofa yawu a tafin hannu. Ga sara. Ga ni bayan ta faɗi, na riƙe ƙugu ina gyaɗa kai kamar wadda ta ci gasa. Falon ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar farcena a kan fata. Wata Hajiya ta dubi wayar, ta dubi zanina, ta ce, "Ikon Allah. Ko canza kaya ba ta yi ba."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Amma ba idon baƙi ne ya fi ƙona ni ba, fitowar Anti Hauwa ce daga ɗaki da jariri a kafaɗa. Ta fita ta dubi kututturen, ta zagaya baya ta ga sandarta riƙe da wandunan ɗanta, ta daɗe a tsaye. Ni ina bayanta, hawaye na zuba.

"Kin san," ta ce, ba tare da ta juyo ba, "tun da muka tare a gidan nan nake kula da tsiron nan. Duk lokacin da na dawo daga asibiti ba labari, nan nake tsayawa in ce masa, ni da kai, mu ga wanda zai riga wani."

Na ce, "Anti, don Allah ki yafe mini. Wallahi na zaci ƙarar ku za su kai."

Ta gyara wa yaron hula, sai na ga kafaɗunta na rawa. Ashe dariya ce ta ci ƙarfinta, da ɗan hawaye a ciki. Ta ce, "To ai shi ke nan, na riga shi. Ke kuma kin tabbatar ba zai taɓa kamo ni ba."

Yaya ya iso yana huci. "Hauwa, na faɗa ko ban faɗa ba?"

"Ka faɗa," in ji ta. "Amma ba inda za ta sai na yi arba'in. Ka dai ɓoye addar."

Madam Carol, da aka fassara mata dalilina, ta yi dariya har da cire hula. Ita ce ta durƙusa ta nuna mana wasu 'yan ƙananan tsirrai da suka fito a gindin uwar. Ranar da zan dawo, Anti Hauwa ta miƙo mini ɗaya a ɗan kasko, ta ce, "Ga naki. Ranar da ya yi fure ki kira ni, sai mu ce kin biya."

Yana nan a tagar ɗakina a Glenwood, shekara biyu ke nan, bai fi tafin hannuna ba. Labari kuwa ya riga ni sauka, don har yau matan masallacinmu Mai Adda suke ce mini. Abin da na koya shi ne, in ka ga mutane sun taru suna nuna abu da yatsa, ka fara tambaya ko sha'awa suke yi kafin ka je neman adda.